Babi na Uku: Sana'ar Dije da Ƙwarewar da Take Bukata a Bukukuwan Auren Karkarar Arewacin Kano

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo matakan bikin aure kamar yadda ake gudanar da su a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, tun daga kamu da sa lalle har zuwa kai amarya da buɗar kai. A wannan babi kuwa, za a dubi mutumin da a yau ake ɗora wa nauyin kiɗa da sanarwa a waɗannan bukukuwa, wato dije. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa aikinsa bai tsaya ga kunna waƙa a na'ura ba, domin gurbin makaɗi da na sanƙira ya shiga a lokaci guda, alhali kuwa bai gaji tsarin da ya riƙe waɗancan sana'o'i ba.

Yankin da ake magana a kansa ya haɗa da ƙananan hukumomin Dambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bichi da Bagwai da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa. Wani ɓangare ne na ƙasar noman da ta kewaye birnin Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun daga shekarun 1960 saboda cunkoson jama'arta. A nan gona tana manne da gona, da wuya a ga saura, kuma gidaje a warwatse suke a cikin gonaki, ta yadda daga wannan unguwa zuwa waccan tafiyar 'yan mintoci ce. Wannan yanayi yana da muhimmanci ga abin da za a tattauna, domin duk kiɗan da aka kunna a gida ɗaya, unguwanni da yawa ne za su kwana da shi, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba.

3.1 Ma'anar Dije da Asalinsa

Kalmar dije aro ce daga Ingilishi. Haruffa biyu ne, D da J, waɗanda aka taƙaita daga laƙabin da ake yi wa mai sanya faifan garmaho a gidajen rediyon Amurka tun wajajen shekarun 1930 zuwa 1940. Sai dai dijen ƙauye ya fi kama da abin da ya ɓulla a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a shekarun 1950, inda wasu mutane suka riƙa loda manyan lasifikoki da injin wuta a mota, suna kai kiɗa unguwannin talakawan da ba su da halin ɗaukar makaɗa. A bakin mutanen karkarar Kano, kalmar tana nufin mutumin, tana kuma nufin taron. Akan ce "an ɗauko dije", akan kuma ce "yau akwai dije a gidan su wance".

3.2 Kiɗan Biki Kafin Zuwan Dije

Kafin na'ura ta shigo, kowane sashe na biki yana da makaɗinsa. Mai kalangu shi ne na 'yan mata da samari a dandali, shi ne kuma yake raka amarya. A cikin gida mata suna da kiɗan ƙwarya da na shantu, ga zabiya, ga masu guɗa. Gidan da yake da hali yakan gayyato mai kukuma ko mai goge ko 'yan amada. Tare da kowane makaɗi akwai maroƙi ko sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya faɗi sunan mai kyauta da asalinsa da yawan abin da ya bayar.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan sana'o'i na gado ne. Yaro yakan tashi yana riƙe wa mahaifinsa kuntukuru, yana jin yadda ake kiran kowane gida da taken kowane manomi, har ya haddace dangantakar mutanen gari ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. M. G. Smith, a rubuce-rubucensa na 1957 da 1959 a kan roƙo da kuma matsayin jama'a a ƙasar Hausa, ya nuna cewa makaɗa da maroƙa suna cikin rukunin ƙasa a idon al'umma, ya kuma bambanta mai sana'ar gado da shigege. Amma duk da ƙasƙancin matsayin, sana'ar tana da shugabanci. Akwai Sarkin Makaɗa ko Sarkin Kiɗa, wanda yake ƙarƙashin dagaci ko hakimi. Idan makaɗi ya karɓi kuɗin mutum ya ƙi zuwa, ko ya yi zambon da ya wuce gona da iri, an san ƙofar da za a kai ƙara.

3.3 Yadda Dije ya Shigo Karkara

Ba rana ɗaya dije ya kori kalangu ba. Rakoda da kaset ne suka fara share fage a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ya zamana ana iya jin Mamman Shata ko Barmani Coge a tsakar gida ba tare da sun taka garin ba. Daga baya finafinan Hausa suka zo, tun daga Turmin Danya na 1990, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar sauti na Kano sun cika da kiɗan fiyano samfurin Yamaha. Irin waƙoƙin da aka yi wa laƙabi da nanaye suka kama zukatan 'yan mata, kuma kiɗa ne wanda mai kalangu ba zai iya fitar da shi da hannunsa ba.

Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a shekarar 2000, da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, da dokar Hukumar Hisba ta 2003, sun ƙara takura kiɗan dandali inda maza da mata suke cuɗanya. Biki ya koma cikin gida ko ƙofar gida, wurin da akwatin sauti ya fi ƙungiyar makaɗa sauƙin shiga. Wayar salula kuma, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ita ce ta ƙarasa aikin. Da memori ya wadata, kuma masu tura waƙoƙi suka kafa tebura a kasuwannin ƙauye, sai ya zamana saurayi yana iya riƙe ɗaruruwan waƙoƙi a aljihunsa. Waƙoƙin aure na mawaƙa irin su Ali Jita da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ado Gwanja da Hamisu Breaker suka zama su ne abin rawa. Har ila yau, al'adar nan ta zuwa Kano a yi wa amarya waƙarta ta kanta, da sunanta da na ango da na iyaye, ta ƙara sa dole a nemi wanda zai kunna ta a gaban jama'a.

Akwai kuma batun tsada. Makaɗi yana zuwa da 'yan amshi da sanƙira da yara, a ciyar da su, a ba su masauki, a sallame su. Dije kuwa shi da yaro ɗaya ko biyu ne.

3.4 Kayan Aiki da Sarrafa Su

Kayan dijen ƙauye sun haɗa da lasifikoki biyu ko huɗu, da amfilifaya, da na'urar haɗa sauti, da makirufo, da kwamfuta ko waya, da wayoyin wuta, da ƙwayayen fitila, sai kuma janareta. Yawanci daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ake sayo su, wasu sababbi wasu na hannu, akwatunan lasifikar kuma sau da yawa kafinta ne yake haɗa su. Akan ɗauke su a kurkura ko A Daidaita Sahu, inda hanya ta yi rairayi kuma a koma ga amalanken shanu.

Mallakar kayan daban, iya aiki da su daban. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, idan ba a sa na'urar daidaita wuta a tsakani ba, amfilifaya tana iya ƙonewa ana tsakiyar rawa. Ƙwararre yakan ajiye injin nesa da fili, ya ja doguwar waya, don kada ƙararsa da hayaƙinsa su dami mutane, ya kuma binne wayar ko ya ɗaga ta sama saboda yara. Ya san cewa idan mai riƙe da makirufo ya tsaya a gaban lasifika, sautin zai riƙa komawa cikin makirufon yana sake fitowa, shi ne ƙarar nan mai tsinka kunne da akan ji a wurin taro. Yana zuwa da man da zai kai shi ƙarshen biki, da fis da filogi na ko-ta-kwana, yana kuma rufe kayansa daga ƙurar hunturu. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma rashin ɗaya daga cikinsu ya isa ya watsa taron da aka yi wata uku ana shiri.

Sai batun ƙarfin sauti. Da yawa daga cikin masu sana'ar sun ɗauka cewa wanda ya fi ƙara shi ya fi iyawa, kuma wannan kuskure ne. Masana lafiyar kunne sun sanya desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar ƙarar da ma'aikaci zai jure a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage rabin wannan lokaci. A bikin ƙauye kuwa, ƙananan yara su ne suke zama a gindin lasifika, wasu ma da goyon ƙannensu. Bugu da ƙari, yawancin bukukuwan yankin da kaka ake yin su, bayan an girbe gero da dawa an sayar da gyaɗa da wake. A lokacin gonaki sun zama fili, babu karan da zai tare sauti, kuma da dare iskar da take kusa da ƙasa takan fi ta sama sanyi, abin da yake lanƙwaso sauti ƙasa ya sa ya yi nisa. Saboda haka kiɗan da dije yake ji daidai a inda yake tsaye, yana hana mara lafiya barci a unguwa ta uku.

3.5 Sanin Mutane

A nan ne ake gane dijen ƙwarai, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. Bikin Bahaushe ba taron nishaɗi kawai ba ne, wurin biyan bashin zumunci ne. Matar da aka kai wa gudummawa a bikin 'yarta bara, bana ita ma za ta rama, kuma tana so a gani, a kuma ji. Da can sanƙira ne yake tabbatar da haka. A yau makirufo yana hannun dije, don haka shi ne zai kira dangin uwar amarya su fito fili, sannan dangin uba, da gwaggonni, da facaloli, da maƙwabta, da ƙawayen amarya, da dangin ango idan sun iso. Kowane rukuni da irin waƙar da ta dace da shi. Waƙar da za a sa wa ƙawaye su yi tsalle ba ita za a sa wa su Gwaggo da su Inna ba, waɗanda sau da yawa tsohon kiɗan amada ko na kalangu suke so, su taka kaɗan su koma tabarma.

Jerin kiran kansa magana ce. Idan aka kira amaryar uba kafin uwargida, ko aka tsallake matar da ta riƙe amarya tun tana ƙarama aka kira wadda ta haife ta kawai, an shuka gabar da za ta daɗe bayan an kwashe rumfa. Haka kuma akwai alkunya. A gidaje da yawa na karkara uwa ba ta fitowa rawa a bikin 'yar fari, ba ta ma kama sunanta, ƙanwarta ko aminiyarta ce take tsaya mata a matsayin uwar biki. Dijen da bai san haka ba zai yi ta kwaɗa kiran uwar amarya a lasifika, ita kuwa tana ƙuryar ɗaki kunya ta rufe ta, jama'a suna dariya. Akwai sunayen da ba a kama su gatsau saboda sun yi daidai da na suruki ko na mahaifi, sai a ce Mai Sunan Malam ko Mai Sunan Baba. Akwai kuma wasan da ya halatta tsakanin taubasai ko tsakanin jika da kaka, wanda idan baƙo ya ara ya yafa a makirufo sai ya zama cin mutunci.

Makaɗin gado da wannan ilimi ya tashi. Dije kuwa ɗan haye ne, wani lokaci ma daga wata ƙaramar hukuma aka ɗauko shi. Abin da ƙwararru suke yi don cike wannan giɓi shi ne su iso da wuri, su nemi uwar biki ko babbar ƙawa su ce, "Hajiya, a ba ni sunayen waɗanda za a kira, da wanda za a fara da shi." Su rubuta a takarda, su tambayi laƙabin kowa, su kuma tambayi ko akwai waƙar da masu gida ba sa so. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Waƙoƙin mata da yawa habaici ne ga kishiya ko uwar miji, kuma ba a rasa mai zuwa ta raɗa wa dije ya sa mata wata waƙa, ta miƙa masa ɗan abin goro, alhali da wata take a cikin taron. Wanda ya karɓa ya sa, ya sayar da zaman lafiyar gidan da ya ɗauko shi. Bahaushe ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma a ƙauye kowa ma ya san da wanda ake.

3.6 Sanin Lokaci da Cika Alkawari

Dijen da ya san aikinsa ba ya jira a aiko masa kafin ya kashe sauti idan an kira salla. Yakan juya lasifika ta bar fuskantar masallaci da makarantar allo da zauren da dattawa suke zaune. Idan an yi rasuwa a maƙwabta, shi ne ya kamata ya fara ba masu biki shawarar a sassauta. Yana kuma da lokacin tashi wanda aka yi magana a kansa tun farko, domin yawancin fitinar da ake dangantawa da dije, kamar faɗan samarin unguwanni da shaye-shaye da yawon 'yan mata cikin duhu, bayan dare ya raba take aukuwa, lokacin da iyaye mata suka shiga gida aka bar fili ga waɗanda ba a gayyata ba.

Ta fuskar alkawari kuwa, matsalar daga kalandar yankin take tasowa. Bukukuwa sukan taru a 'yan makonni kaɗan, da kaka, da watan Sha'aban kafin azumi, da kuma bayan salla, mafi yawa daga Juma'a zuwa Lahadi. Da damina kuwa kasuwa takan mutu, dije ya koma gona ko acaba ko cajin waya. Wannan ne yake jan wasu su karɓi kafin alƙalami a gida biyu ko uku a rana ɗaya, su je wa wanda ya fi tsoka, su tura wa sauran yaro da rabin kaya, ko su kashe waya. A birni mai yin haka yana iya ɓacewa cikin jama'a. A yankin da mata suke haɗuwa a kowane suna da kowane biki, labarin yakan riga shi isa gari na gaba.

3.7 Lada da Liƙi

Hanyar samun dije biyu ce, kuɗin aiki da kuma liƙi. Rigimar da ta fi yawa a kan liƙi take, wato ko na dije ne, ko na amarya, ko raba shi za a yi. Kowanne ana yi, abin da yake kawo saɓani shi ne rashin yanke magana kafin a fara. Inda aka bar wa dije liƙi a matsayin ladansa, akan samu yana jan rawa yana maimaita kiran masu kuɗi, yana mantawa da talakan dangi, wato ya koma maroƙi ke nan ba tare da ladabin roƙo ba.

Shekarun baya-bayan nan sun taɓa wannan lissafi. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya rage liƙi ƙwarai a lokacin. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin da janareta yake ci, har wasu suka fara komawa ga batur da sola. Ban da haka, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, kuma a 2024 an gurfanar da wasu sanannun mutane a kotu a Legas a kan haka. Ajiye faranti ko ƙwarya a tsakiyar fili, kamar yadda mata suke yi tun da, ya fi dacewa da doka, ya kuma fi sauƙin ƙirgawa.

Idan aka auna abin da ake biya da abin da ake samu, za a ga cewa masu biki ba waƙa suke saye ba, domin waƙar tana cikin wayar kowace ƙawa. Wutar da za ta haska fili suke biya, da muryar da za ta tsara taro, da mutumin da zai ɗauke wa uwar biki ɗawainiyar wa za a kira, yaushe za a tashi. Gidan da ya bi araha ya ɗauko yaron da ya ari kaya, sau da yawa a nan yake gane bambancin.

3.8 Ƙorafin Jama'a da Matakan Hukuma

Malamai da dattawa suna da hujjojinsu na ƙin dije, waɗanda suka haɗa da cuɗanyar maza da mata, da waƙoƙin batsa, da hana maƙwabta barci. A garuruwa da dama masu unguwanni da dagatai da limamai sukan haɗu su sa dokar hana dijen dare, wasu su hana shi ɗungurungum. A shekarar 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta bikin nan da ake kira ranar ƙauyawa, wanda dije yake cikin ginshiƙansa. Sai dai hani shi kaɗai bai cika kashe abin ba, yakan tura shi bayan gari ne ko ƙauyen da yake maƙwabtaka, inda idon manya bai kai ba.

Idan aka kwatanta da abin da aka faɗa a 3.2, za a ga inda giɓin yake. Makaɗi yana da sarki, mahauci yana da Sarkin Fawa, maƙeri yana da Sarkin Maƙera, amma duk wanda ya sayar da tumaki biyu ko ya samu kuɗin kaka ya sayi lasifika ya zama dije a ranar. Babu wanda ya yaye shi, babu kuma wanda zai karɓe masa makirufo idan ya yi ba daidai ba. Shi ya sa laifin mutum ɗaya yake shafar kowa. Abin da ya fi kusa da magani shi ne masu sana'ar a kowace gunduma su kasance da shugaban da dagaci ya sani, a kuma riƙa yanke magana a gaban shaidu kafin a ba da kafin alƙalami, a kan kuɗin aiki da mai liƙi da mai sayen mai da lokacin tashi.

A shekarar 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta sanar da hana maza yin aikin dije a tarukan da na mata ne zalla. A birni ana samun matan da suka shiga sana'ar, amma a ƙauyukan da ake magana a kansu kayan sauti a hannun samari suke. Sai dai kuma ɓangaren aikin da ya fi wuya, wato sanin dangi da jerin kira da alkunya, matan yankin sun riga kowa iya shi, musamman zabiyoyi da masu guɗa da matan da aka saba ɗora wa uwar biki. Abin da ya rage musu shi ne jarin sayen kaya, da wanda zai koya musu haɗa waya da tayar da inji.